ABDURRAHMAN AS-SUFI, MALAMIN DA YA SHAIDA ƊAN GAJIMARE

A wannan mako za mu kawo wa masu karatu tarihin Shaihu Abdurrahman ɗan Umaru as-Sufi, ɗaya daga cikin manyan malaman Musulmi a fannin ilmin falaki.

An haife shi a birnin Rayyu, kusa da inda Tehran take yau a ƙasar Iran, a shekarar 291 ta Hijira, wato 903 Miladiyya. Ya zauna a Isfahan da Shiraz, ya yi hidima a fadar Sarki Adudud Daula, wanda ya riƙe shi malami kuma amini. A zamanin nan masana taurari sun dogara ne ga littafin Batlimus na Iskandariyya, wanda ya riga su da shekara wajen 800. Da yawansu kwafe kawai suke yi, har da kurakuran, ba su fita su ɗaga kai. As-Sufi bai yarda da haka ba. Ya bi taurarin da idonsa, ya sāke ƙiyasta ƙarfin haskensu, inda ya ga saɓani ya gyara. A wajen 964 ya kammala littafinsa Suwarul Kawakib, wanda ya bayyana rukunan taurari 48, ya zana kowanne sau biyu. Ya kuma wallafa littafi a kan usturlabi, na'urar da ake sanin lokutan salla da alƙibla da ita.

A cikin Suwarul Kawakib ne ya ambaci wani ɗan tabo mai kama da gajimare, a rukunin da Larabawa ke kira Mar'atul Musalsala, Turawa kuma Andromeda. Bai san haƙiƙarsa ba, amma tun da idonsa ya gani sai ya rubuta, kuma babu wani rubutu game da tabon da ya iso gare mu wanda ya riga nasa. Ya rasu a shekarar 376 ta Hijira, wato 986. Akwai wani kwari a jikin wata da aka sa wa sunansa, Azophi.

Manomi a Bakura ko Maradun, ko masunci a bakin madatsar Bakolori ta wajen Talata Mafara, yana iya ganin wannan tabo. A watan Nuwamba, bayan sallar lisha, ran da babu farin wata kuma hazo bai sauka ba, lokacin da Kaza da 'Ya'yanta ke gabas, sai ya duba can sama ta wajen arewa.

To, mene ne tabon? Tsakanin 1923 da 1925 Edwin Hubble na Amurka ya tabbatar cewa gungu ne na biliyoyin taurari, dabam da namu. Haskensa kan yi shekara miliyan 2 da rabi kafin ya iso mana. Tsakanin taurarinsa akwai iskar haidurojin mai sanyi wadda ido ba ya gani, amma tana fitar da saƙon rediyo mai tsawon santimita 21. An fara kamo irin wannan saƙo a Jami'ar Harvard a 1951, daga gungunmu. A 1957 masanan Holan suka bayyana cewa sun kamo shi daga tabon as-Sufi, da wani faranti mai faɗin mita 25. A 1975 kuma Roberts da Whitehurst suka nuna cewa iskar da ke can gefen gungun ba ta rage gudu wajen kewaya shi, alamar akwai wani abu mai nauyi da ke riƙe da ita, wanda ba a ganinsa.

Darasin a fili yake ga ɗalibanmu. Girmama magabata wajibi ne, amma as-Sufi ya girmama Batlimus ta hanyar bincika aikinsa, ya kuma rubuta abin da ya gani ko da bai fahimce shi ba, na baya suka ɗora. Allah Ya jiƙansa, amin.