Labarin Pita Kolins, Direban da Ya Sauka Ya Ba Abokin Takararsa Mota

Labarin yau na wani saurayi ne mutumin Ingila, sunansa Pita Kolins. Ya yi suna a sana'ar tseren motoci, a cikinta kuma ajalinsa ya same shi a shekarar 1958, yana da shekara 26. Abin da ya sa har yanzu ake ambatonsa shi ne wata kyauta da ya yi wa abokin aikinsa ran da su biyu suke neman abu guda.

Kafin a shiga labarin, ya kamata a san yadda sana'ar take. Babban tseren motoci na duniya, wanda ake kira Formula 1, an fara lissafin gwarzonsa a 1950. A shekara akan yi tsere da dama a ƙasashe dabam-dabam, ana tara maki. A zamanin Kolins wanda ya zo na ɗaya yana samun maki 8, na biyu 6, na uku 4, na huɗu 3, na biyar 2, sa'an nan akwai maki 1 na wanda ya yi zagaye mafi sauri. A wancan zamani babban kamfani yakan kawo motoci uku ko huɗu ko fiye, kowace da direbanta. Mota ta ubangida ce, mai nasa ne, makanikai nasa ne, shi ne kuma mai biyan direba. Amma kambun gwarzon duniya mutum ɗaya ake ba. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Garu ya san irin wannan: dawakin gida ɗaya ne, harawa ɗaya suke ci, amma in aka saki linzami a sukuwa kowane yaro so yake a ga nasa a gaba. Akwai kuma wata doka a lokacin, wadda aka soke daga baya. In motar babban direba ta lalace ana cikin tsere, ubangida yana da ikon ya kira ƙaramin direba ya sauka ya ba shi tasa, makin da motar ta ci a raba musu biyu.

An haifi Kolins ran 6 ga Nuwamba 1931 a garin Kidaminista. Ubansa yana da gareji da manyan motocin ɗaukar kaya, saboda haka cikin ƙarafa da man inji ya girma. Yana da shekara 17 ya fara tsere da ƙananan motoci ƙirar Cooper, a 1952 kuma ya shiga babban tseren. A 1955 shi da Sitalin Mos, ɗan ƙasarsu, suka ci tseren Targa Floriyo a tsibirin Sikiliya cikin motar Mercedes. Bayan wannan ne Enzo Ferrari, mai kamfanin Ferrari a Italiya, ya ɗauke shi aiki. Kolins ya koyi harshen Italiya, ya zauna kusa da masana'antar, ya shiga ran maigidan ƙwarai, musamman a shekarar 1956 da ɗan Ferrari mai suna Dino ya yi jinya ya rasu.

A wannan shekara babban direban gidan shi ne Huwan Manuwel Fanjiyo, mutumin Ajantina, dattijo mai shekara 45, wanda ya riga ya ci kambu sau uku. Tare da shi akwai samari: Kolins, da Luwiji Muso da Kastiloti mutanen Italiya, da wani basarake ɗan Sifen mai suna De Fortago. Tun tseren farko a Ajantina motar Fanjiyo ta ƙi, aka sauke Muso aka ba shi tasa, ya ci tsere da ita. A Monako, cikin watan Mayu, Fanjiyo ya bugi bango da motarsa har ta karkace. Kolins yana na biyu aka ɗaga masa alama ya shigo, ya sauka ba musu, suka raba maki 6 uku-uku. Sai sa'a ta juyo wa yaron, ya ci tseren Beljiyam, ya ci na Faransa. A Ingila kuwa tasa motar ta mutu, shi ma aka sauke De Fortago aka ba shi, ya zo na biyu. Watau dokar nan ta ci Kolins, shi ma ya ci da ita.

Da aka zo tseren ƙarshe a Monza, ƙasar Italiya, ran 2 ga Satumba 1956, Fanjiyo yana da maki 30, Kolins 22. Kambu ba zai kai hannun Kolins ba sai ya zo na ɗaya, ya haɗa da makin zagaye mafi sauri, Fanjiyo kuma bai ƙara maki a lissafinsa ba. Tseren zagaye 50 ne, kilomita 500, watau kusan mutum ya je Kano daga Dutse ya komo har sau biyu, amma ba sa cika sa'a biyu da rabi suke gamawa. Tun ba a raba tsakiya ba ƙarfen sitiyarin Fanjiyo ya karye, ya komo wurin makanikai ya zauna. Da Muso ya shigo duba taya aka ce ya sauka ya ba shi mota. Muso ya ƙi, ya ja abarsa ya koma fage. A zagaye na 35 Kolins ya shigo a duba masa taya, yana na uku. Ya ga Fanjiyo zaune ba mota, ya fito ya miƙa masa tasa. Mafi yawan masu ba da labarin sun tafi a kan cewa ba wanda ya tilasta shi. Fanjiyo ya rungume shi, ya shiga, ya ƙarasa zagaye 15 da suka rage, ya zo na biyu bayan Mos. Muso kuwa har ya kai gaba, saura zagaye kaɗan a gama shi ma sitiyarinsa ya karye. Aka rufe shekara Fanjiyo yana gwarzo karo na huɗu da maki 30, Mos 27, Kolins 25.

Ga wani abin lura da masu yabo sukan tsallake. A waccan shekara makin tsere biyar mafi kyau kawai ake ƙidaya wa kowane direba, saboda haka maki 3 da Fanjiyo ya samu da motar Kolins ba su ƙara masa kome a lissafi ba. Da Kolins ya zauna a motarsa ya ƙare bayan Mos, Fanjiyo ne dai gwarzo. Amma hukunta mutum da abin da ya bayyana daga baya ba adalci ba ne. Sa'ad da Kolins ya sauka, motoci biyu ne kawai a gabansa, kuma dukansu sun sami matsala kafin a tashi: Muso ya fita, Mos kuwa mai ya ƙare masa a hanya, sai da wani direban Maserati ya turo shi da hancin motarsa zuwa wurin shan mai. Ƙofa tana buɗe ko da kaɗan ne, Kolins ya rufe ta da hannunsa. Dalilin da aka ji daga gare shi kuwa shi ne yana ganin shi yaro ne, lokaci yana gabansa, dattijon kuma ya fi shi cancanta a wannan shekara.

Saukar Monako da saukar Monza ba iri ɗaya ba ne, ko da yake mutum ɗaya ya yi su, mutum ɗaya kuma ya amfana. Ta Monako biyayya ce. Mota ba ta Kolins ba ce, ya shiga aiki yana sane da dokar, kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. Yaron shago a kasuwar Shuwarin in maigida ya ce ya bar wannan ciniki ga babban yaro, ya bari, ya sauke abin da ke wuyansa, ba a ce ya yi kyauta ba. Ta Monza ita ce malamai suke kira isari, watau mutum ya fifita waninsa a kan kansa da abin da shi ma yake bukata. Irin wannan ba a umartar mutum da shi, domin in aka tilasta ya tashi daga kyauta ya koma haraji.

Muso fa, laifi ya yi? A bisa sharaɗin aiki ya saɓa wa ubangida, wannan ba shakka. Amma shi ne wanda ya riga ya ba da mota a Ajantina, ya karye hannu a tsakiyar shekara ya yi jinya, ga shi ranar yana gaban mutanen ƙasarsa yana hangen nasara. Madugun da kullum mutum ɗaya yake ce wa ya sauke kayansa domin jakin wani ya gaji, wata rana zai ji an ƙi. Shi Ferrari an san shi da barin yaransa su yi ta gasa da juna, domin yana ganin haka suke ƙara gudu. Wanda ya kunna wannan wuta a gidansa yana da kaso a cikin rashin biyayyar da ta biyo baya.

Akwai kuma haƙƙin 'yan kallo, waɗanda suka biya kuɗi domin su ga wanda ya fi. A zamanin Kolins ana musanya mota a fili, kowa yana gani. Daga 1958 aka daina ba da maki ga motar da direbobi biyu suka yi tarayya a kanta, sai umarnin ya koma a ce wa direba ya sassauta ɗan'uwansa ya wuce. A 2002, a ƙasar Ostiriya, gidan Ferrari ya sa Barikelo ya taka burki dab da layin ƙarshe domin Shumaka ya wuce, jama'a suka yi ta ihun ƙin yarda, hukumar tsere ta haramta irin wannan umarni. Kamfanoni suka koma yi da habaici da zaurance. A 2010 aka ci Ferrari tarar dala 100,000 a Jamus saboda haka, a ƙarshen shekarar kuma aka janye haramcin, domin an ga ba ya hanuwa.

Mu koma ga Kolins. A 1957 Fanjiyo ya koma gidan Maserati, Mayik Hawton ɗan Ingila ya komo Ferrari, shi da Kolins suka zama aminai kamar 'yan'uwa ciki ɗaya. A watan Fabrairu na wannan shekara Kolins ya auri wata Ba'amurkiya mai wasan kwaikwayo, mako guda bayan haɗuwarsu. Shekarar ta yi wa gidan nauyi: Kastiloti ya mutu a Maris yana gwada mota a Modena, De Fortago ya mutu a Mayu cikin tseren mil dubu na Italiya, tare da abokin tafiyarsa da 'yan kallo tara.

A nan ne ake samun abin da za a tuhumi Kolins da shi. Shi da Hawton suka yi yarjejeniya, duk wanda ya ci kuɗin tsere a raba biyu, ba su sa Muso a ciki ba, alhali gida ɗaya suke. Matar da take tare da Muso ta faɗa bayan shekaru masu yawa cewa wannan ya sa Turawan Ingila biyu suka zama ƙungiya a cikin ƙungiya, kowannensu yana da riba in ɗayan ya wuce Muso, shi kuwa bashi ya yi masa katutu. Ran 6 ga Yuli 1958, a garin Rems na Faransa, inda kyautar tsere take da tsoka ƙwarai, Muso yana bin Hawton ya shiga wata kwana da gudun da ya wuce kima, mota ta kife, ya mutu yana da shekara 33. Ba mai iya cewa yarjejeniyar ce ta kashe shi. Sai dai mutumin da ya iya barin kambu domin dattijo bai iya buɗe wa tsaransa ƙofar amana ba, wannan kuwa yana cikin tarihinsa kamar yadda Monza take ciki.

Mako biyu bayan haka Kolins ya ci tseren Ingila a Silbaston, Hawton yana biye da shi. Ran 3 ga Agusta aka je Jamus, fagen Nurburgrin, wanda zagayensa guda ya kusa kilomita 23 cikin duwatsu da kurmi. Toni Buruks ya wuce su da motar Vanwall, Kolins ya bi shi da ƙarfi, Hawton yana bayansa yana kallo. A wata kwana motar ta zarce, ta faɗa rami ta wuntsila, ta jefar da shi ya bugi itace da ka. Aka ɗauke shi a jirgin sama zuwa asibitin Bon, bai kai gobe ba.

Hawton ya daure ya ƙarasa shekarar. A tseren ƙarshe, a Darul Baila ta ƙasar Maroko cikin Oktoba, Mos yana gaba, Hawton kuwa sai ya zo na biyu zai ci kambu. Fil Hil, Ba'amurken da ke tuƙa wa Ferrari, shi ne a matsayi na biyu, aka yi masa alama ya sassauta, ya bar Hawton ya wuce. Hawton ya ci kambu da maki 42, Mos yana da 41, ya zama ɗan Ingila na farko da ya same shi, nan da nan kuma ya ce ya bar tsere. Ran 22 ga Janairu 1959 ya yi haɗari a kan hanyar gari kusa da Gilfod ya mutu. Daga Maris 1957 zuwa wannan rana, wata 22 ke nan, samari biyar na gidan Ferrari suka ƙare: Kastiloti, De Fortago, Muso, Kolins da Hawton. Fanjiyo, wanda aka saukar masa da mota domin ana ganin kwanansa a sana'ar ya kusa ƙarewa, ya ci kambu na biyar a 1957, ya koma Ajantina, ya rayu har 1995, ya rasu yana da shekara 84.