Marigayi Dakta Mamman Shata Katsina: Mawaƙin da Sai a Fili Ake Sanin Girmansa

A wannan fitowa filinmu na tunawa da magabata zai waiwayi mutumin da kusan babu gidan Bahaushe a nan Abuja, tun daga Garki da Wuse har Nyanya da Karu da Gwagwalada, da ba a taɓa jin muryarsa ba. Wato marigayi Alhaji Mamman Shata. Sai dai 'ya'yanmu da aka haifa a nan, a waya suka san shi, kafin su kuma yayyensu a kaset. Wannan kuwa rabin Shata ne kawai, domin shi mutum ne da sai ka tsaya a fili yana waƙa sa'an nan za ka gane abin da ya sa manya ke barin aikinsu su bi shi.

An haifi Muhammadu a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923. Mahaifinsa, Malam Ibrahim Yaro, Bafulatani ne, kuma gidansu ba gidan kiɗa ba ne ko kaɗan. A wancan zamani kuwa waƙa sana'ar gado ce, wanda bai gada ba in ya shige ta sai a ce ya zubar da mutuncin gidansu ya koma roƙo. Saboda haka mahaifin bai so ba sam. Yaro ya yi karatun allo kamar sauran yara, ya taɓa tallar goro, ya yi ta alewa. To amma da dare ya yi, in samari da 'yan mata sun taru a dandali, can za ka same shi yana waƙa ana kewaye da shi, ba don a ba shi ko anini ba. Sha'awa ce ta fara kai shi, kuɗi daga baya suka biyo.

Da abin ya kankama sai ya bar Musawa ya koma Bakori, inda ya yi aurensa na fari, daga nan yake fita da makaɗansa zuwa garuruwa. Sunansa ya fita sosai a 1952, lokacin da ya yi wasa a Kano a wani gagarumin biki da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda 'ya'yan gidan sarautar Kano da dama suka yi aure lokaci guda. Daga baya Funtuwa ta zama gidansa, can ya yi mafi yawan shekarunsa, ko da yake sunan Katsina ne ya bi shi.

Yanzu bari mu zo kan wasan kansa, don a nan zancen yake.

Kiɗan Shata kalangu ne. Kalangu kuwa, ga matasanmu da ba su taɓa riƙe shi ba, ganga ce mai siririn ƙugu da fata baki biyu, an ɗaure su da tsirkiya. Makaɗi yana rataya ta ya matse a hammata, in ya matsa sauti ya hau, in ya saki ya sauka, shi ya sa take iya bin hawa da saukar maganar Hausa har mai kunne ya ji abin da take faɗa. Asalinta kiɗan mahauta ce da na dandalin 'yan mata, ba ta kai darajar kotso ko taushi na fada ba. Shata ne ya ɗauke ta daga nan ya shigar da ita gaban sarakuna da gwamnoni. Shi kansa ba ya kiɗa. Yana tsaye ne a tsakiya, makaɗa a gefensa, su ne kuma 'yan amshi, ga maroƙa suna ta kirari suna sanar da wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar.

Abin da ya bambanta shi da mawaƙa da yawa shi ne ba ya zama ya tsara waƙa a gida ya haddace. Amshi kawai yake bai wa yaransa, gajere, da sun kama kalangu ya ɗauka, sai ya shiga zuba baituka nan take. Yana waƙa idonsa na kan taro. In wani attajiri ya shigo, kafin ya zauna ya ji sunansa da na ubansa da garinsu sun shiga waƙa. In wani ya yi abin dariya, shi ma ya shiga. In wani ya yi rowa, to ya shiga uku, don Shata bai iya zambo da wasa ba, wanda ya san waƙar Gagarabadau ya san haka. Wannan ne ya sa waƙa guda ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Bakandamiyarsa ma, wadda a ciki yake wasa kansa, kowane ɗauka da ka saurara za ka tarar da abin da babu a ɗaya. Waƙar da aka yi a gabanka taka ce da waɗanda kuka tsaya tare a daren nan, in ba a ɗauka ba ta tafi ke nan. Shi ya sa har ya rasu babu wanda ya iya ƙidaya waƙoƙinsa, har shi kansa.

Mu da muka riski irin wannan taro ba za mu manta ba. Tun la'asar gari ya ɗauka Shata ya sauka. Bayan isha'i fili ya cika, yara a kan katanga, mata a gefe guda, masu shayi da masu tsire sun kafa teburansu. Da an buga kalangun farko sai ka ji shi a ƙirjinka kafin kunnenka. Dattijon da ka sani da kamun kai sai ka gan shi ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya nufi fili yana liƙi. Kuma a gaskiya ba duka ne ke zuwa don a ambace su ba. Mafi yawa talakawa ne da ba su da abin bayarwa, daɗin abin kawai ya kawo su, su tsaya har dare ya raba, gobe a kasuwa a yi ta maimaita abin da ya faɗa.

Manyan mawaƙan fada irin su Ibrahim Narambaɗa na Isa da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, waƙar sarauta ce ginshiƙinsu. Shata bai ɗaure kansa a fada guda ba. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa 'yan kasuwa da direbobi da sojoji da 'yan bori, ya yi waƙar noma, ya yi ta yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, sai ga shi da waƙar kumbo Apollo 11. Duk da haka yana da ubangida da ya fi kowa a wurinsa, wato Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda suke tare tun yana Wamban Daura.

Ba za mu ɓoye ba, akwai waƙoƙinsa da malamai suka yi tir da su, musamman waɗanda suka taɓo shaye-shaye, kuma har yau a cikin ƙungiyarmu akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa ko na wane ne. Ra'ayinsu ne, muna girmama shi. Amma ko su ba sa musun cewa mutumin nan ya san Hausa, ya kuma adana mana sunayen mutane da garuruwa da al'adun da ba don shi ba da tuni an manta.

Ya taɓa siyasa, ya yi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, ya kuma shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa a jamhuriya ta uku, sai dai ba a nan aka san shi ba. Masana kuwa sun daɗe da gane darajarsa. Ɗandatti Abdulƙadir a kansa ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, daga nan aka shiga kiransa Dakta, gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar MON. Bayan rasuwarsa Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah a 2006.

A ƙarshen rayuwarsa ya sha jinya, har aka kai shi Jidda. Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 76. Ba Musawa aka kai shi ba, ba kuma Funtuwa ba. Daura aka kai shi, garin ubangidansa, kamar yadda ya yi wasiyya, can aka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, amin.