Waliyyi Yohanna na Gicciye: Bawan Allahn da Ya Riƙe Addu'a a Lokacin Fari

A wannan fitowa ta mujallarmu ina so in kawo muku tarihin wani bawan Allah ɗan ƙasar Sifen, wanda ya bar duniya fiye da shekara 400 da suka wuce. Dalilina kuwa shi ne, da yawa daga cikinmu mun kai shekarun da mutum kan durƙusa don addu'a ya ji zuciyarsa ta bushe ƙayau, kamar fadama a tsakiyar rani. Wasu sun yi shiru da abin don kunya, wasu kuwa sun ajiye addu'ar baki ɗaya. Waliyyi Yohanna na Gicciye ya sha irin wannan fari, ya kuma bar wa Ikilisiyar Katolika bayani a kansa.

An haife shi a 1542 a wani ƙaramin gari da ake kira Fontiberos. Mahaifinsa Gonzalo ɗan gidan attajirai ne, amma danginsa suka yafe shi saboda ya auri wata matalauciyar masaƙiya mai suna Katalina. Yohanna yana ɗan ƙarami uban ya rasu, kuma cikin wannan ƙunci wansa Luwis ya bi bayan uban. Uwar ta kwashi sauran 'ya'yanta, suka yi ta neman abin sawa a baka har suka yada zango a Madina del Kampo. A nan Yohanna ya yi aikin jinya a asibitin talakawa, yana kuma karatu a makarantar Fadannin Jesuwit. A 1563 ya shiga Ƙungiyar Karmel, wato sufayen da suka ɗauki sunansu daga dutsen nan na Annabi Iliya. Ya yi karatu a Jami'ar Salamanka, aka naɗa shi firist a 1567.

A cikin wannan shekara ya gamu da Waliyyiya Tereza ta Abila, wadda ta riga ta fara gyara a ɓangaren mata na ƙungiyar, tana so a koma ga talauci da kaɗaici da yawan addu'a irin na farko. Shi yana da shekara 25, ita tana da 52. Ta shawo kansa ya fara irin wannan gyara a ɓangaren maza. Ranar 28 ga Nuwamba 1568 aka buɗe gidansu na farko a ƙauyen Duruwelo, a wani ɗan tsohon gidan gona. Daga ranar ne ya fara amsa sunan Yohanna na Gicciye.

To, gyara ba ya yi wa kowa daɗi. Rikici ya tashi tsakanin masu gyara da waɗanda suke ganin an raina ikonsu. A farkon Disamba 1577 aka kama Yohanna cikin dare a Abila, aka kai shi gidan sufaye na Toledo, aka kulle shi a wani ɗan ɗaki mai tsawon ƙafa 10 da faɗin ƙafa 6, wanda haske ba ya shiga sai ta wata 'yar kafa can sama. Abincinsa burodi da ruwa da ɗan kifi. Akan fito da shi a yi masa bulala a gaban jama'ar gidan. An hana shi yin Misa. Ya sha sanyin hunturu da zafin bazara a wannan ɗaki har wata 9. Abin da ya fi ciwo shi ne, masu yi masa haka 'yan'uwansa ne sufaye, masu tufafi irin nasa da addu'a irin tasa, suna kuma gaya masa shi ne mai taurin kai.

A cikin wannan duhu ya fara tsara waƙoƙinsa, yana haddace su, har wani sabon mai gadi ya tausaya masa ya ba shi takarda da tawada. A watan Agusta 1578 ya kwance ƙusoshin makullin ƙofa, ya yayyage bargo ya ƙulla igiya, ya sauka ta taga cikin dare, sufaye mata na Toledo suka ɓoye shi. Daga nan aka tura shi kudancin Sifen, inda ya shugabanci gidaje a Bayeza da Garanada, ya kuma rubuta littattafansa, ciki har da Hawan Dutsen Karmel da Daren Duhu.

Me ya koyar game da bushewar zuciya? Ya kwatanta Allah da uwa mai yaye. Sabon shiga ibada kamar jariri yake, ana shayar da shi da daɗin addu'a. In ya fara girma, uwa kan shafa wa nono abu mai ɗaci, ta sauke shi ƙasa don ya koyi tafiya. Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya ga ana yin haka da maɗaci, ya kuma san ba ƙiyayya ce ke sa uwa ta yi ba. A ganin Yohanna, mutum yana iya shekara da shekaru yana son daɗin da yake ji a addu'a, yana zaton Allah yake so. Sai an ɗauke daɗin kafin a san ainihin abin da ya riƙe.

Amma bai ce kowace bushewa daga Allah take ba. Ya yarda cewa zunubi da sakaci, har ma rashin lafiyar jiki da baƙin ciki, suna iya jawo ta. Saboda haka ya ba da alamu uku. Ta farko, mutum ba ya jin daɗin al'amuran Allah, amma kuma na duniya ma ba sa gamsar da shi. Ta biyu, tunanin Allah bai bar shi ba, yana ta damuwa cewa ya kasa bauta masa yadda ya kamata, alhali mai sakaci ko a jikinsa. Ta uku, ya kasa yin bimbini mataki mataki kamar yadda ya saba a da. In ukun nan suka haɗu, shawararsa ita ce kada mutum ya bar lokacin addu'arsa, kada kuma ya matsa wa kansa sai ya ji wani abu. Ya zauna shiru cikin haƙuri, hankalinsa yana wajen Allah da ƙauna. Ya kuma ba da misalin ɗanyen icce a wuta: da fari zai yi hayaƙi, ya tsiyayar da ruwa, ya yi baƙi, kafin wuta ta kama shi ya zama garwashi.

Ƙarshen rayuwarsa ya gwada wannan koyarwa. A 1591 ya saɓa da shugaban masu gyara, Nikolas Doriya, a kan yadda ake tafiyar da mulkin ƙungiyar. A taron da aka yi a Madrid aka raba shi da dukan muƙamansa, aka tura shi wani gida can bayan gari mai suna La Fenuwela, wani sufi kuma ya shiga tara ƙarairayi don a kore shi. Mu ma'aikatan gwamnati mun san ɗacin a ɗauke mutum daga kujera a jefa shi inda ba aiki don ya faɗi gaskiya. Shi kuwa wannan karo waɗanda ya sha kurkuku dominsu ne suka yi masa. Bai kai ƙara ba, bai bar ƙungiyar ba. Da ciwon ƙafa da zazzaɓi suka kama shi, aka ba shi zaɓi tsakanin Bayeza, inda ake girmama shi, da Ubeda, inda ba a san shi ba, sai ya zaɓi Ubeda. Shugaban gidan ya karɓe shi da ƙyashi, yana ƙorafin kuɗin jinya, amma kafin rasuwarsa ya zo ya nemi gafararsa. Yohanna ya rasu ranar 14 ga Disamba 1591, yana da shekara 49. Paparoma Benedikt na 13 ya sa shi cikin waliyyai a 1726, Paparoma Piyus na 11 kuma ya ba shi matsayin Malamin Ikilisiya a 1926.

Ni dai abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, ba a auna addu'a da abin da mutum ya ji a zuciyarsa. Ina faɗin haka ne domin a zamanin nan da wuya ta tsananta, wasu suna yawo daga wannan gidan addu'a zuwa wancan suna neman alama, in ba su gani ba sai su ce Allah ya juya musu baya. Manomi ba ya barin gona don ruwa ya ɗauke na mako uku. Abokanmu Musulmi da muka yi aji ɗaya sun san wannan da sunan haƙuri da tawakkali. Wanda yake cikin fari yanzu ya duba alamun nan uku, ya nemi Fada ko wani dattijo mai tsoron Allah su yi shawara, in kuma jiki ne ba lafiya ya ga likita, amma ya ci gaba da durƙusawa a lokacin da ya saba.

Allah ya ba mu haƙuri da jimiri, ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.