Hajiya Gambo Sawaba (1933-2001): Matar da Ta Sha Ɗauri Domin Ƙuri'ar Mata

Ranar 31 ga watan Maris na shekarar 1957 aka yi zaɓen majalisar ƙasar Nijar mai kujeru 60. Shi ne zaɓe na farko a faɗin ƙasa da doka ta yarje wa duk macen da ta cika shekara 21 ta jefa ƙuri'a, daga Filinge da ƙauyukan Kurfai har zuwa gaɓar tafkin Cadi. A daidai wannan lokaci, a ƙetaren iyaka ta kudu, matan Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya ba su da wannan izini, ga shi kuwa harshe ɗaya ne, addini ɗaya, tufafi ɗaya. Sai da suka ƙara jiran kusan shekara 20. A cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wannan jira a jikinsu, babu wadda sunanta ya kai na marigayiya Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haife ta ranar 15 ga watan Fabrairu na 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, amma da yake tagwaye ta biyo, sai aka kira ta Gambo bisa al'adar Hausa. Mahaifinta, Isa Amartey Amarteifio, mutumin ƙasar Gana ne ta yau, ya zo Nijeriya yana aikin safiyo a hukumar jirgin ƙasa, ya musulunta, ya zauna Zariya. Mahaifiyarta, Fatima, Banufiya ce.

Ta fara karatu a firamaren En'e ta Tudun Wada, En'e kuwa ita ce hukumar gargajiya da Turawan Ingila suke mulki ta hannunta. Karatun bai yi nisa ba. Mahaifinta ya rasu a 1943 tana da shekara 10, bayan shekara 3 mahaifiyarta ta bi shi. Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya tafi ya bar ta da juna biyu, bai kuma dawo ba. Maraici, da yankewar karatu, da auren wuri, duk ta ɗanɗana su tun kafin ta san abin da ake kira siyasa. Shi ya sa daga baya, in ta tashi yin magana a kansu, ba labarin wani take bayarwa ba.

Shigarta siyasa

Ranar 8 ga watan Agusta na 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda talakawa suka sani da Jam'iyyar Neman Sawaba, kuma Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Jam'iyyar ta tashi ne a kan koke-koken talaka: haraji mai nauyi, da aikin tilas, da shari'ar da ba ta duban maras gata. Gambo ta yanki katinta tana budurwar shekaru, a zamanin da ko namiji sai ya yi ta maza kafin ya bari a san yana ciki.

A wani taron lacca a Zariya ta fara fitowa fili. Ta hau dandamali ta yi magana a gaban taron maza, abin da ba a saba gani ba. Ba da jimawa ba aka zaɓe ta shugabar matan NEPU ta Sabon Garin Zariya, laƙabin Sawaba kuma ya bi ta har ya danne sunanta na yanka. Kalma ce da mutanen Nijar suka sani sarai, domin ita ce ta zama sunan jam'iyyar Jibo Bakari, wadda ta nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, aka kuma haramta ta a 1959.

Gambo ta yi tattaki har Abekuta, a ƙasar Yarabawa, don ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan kasuwa suka yi ta zanga-zanga a kan harajin mata har Sarkin Abekuta ya sauka daga gadonsa na wani lokaci a 1949. Daga can ta dawo da darasi guda: matan da suka haɗa kai, ko da ba su yi boko ba, hukuma ba ta iya toshe kunne gare su.

Ɗauri da wahala

Babbar baiwarta ita ce shiga inda maza ƴan siyasa ba su da ikon shiga. Takan yi sallama a gidajen kulle, ta zauna da mata a tsakar gida, ta yi musu bayanin haraji da asibiti da makarantar ƴaƴa mata da amfanin ƙuri'a, cikin Hausar da suke ji. A farkon shekarun 1950 wannan aiki ya kai ta Kano. Can aka kama ta tare da mata kimanin 200 bisa laifin taro babu izini, alƙali ya ɗaure kowaccensu wata guda. Daga baya aka kore ta daga Kano, aka mayar da ita Zariya.

Wannan shi ne mafarin doguwar hanya. An lissafa cewa sau 16 aka ɗaure ta a rayuwarta. An yi mata bulala, an aske mata kai a gidan kaso, ƴan banga sun tare ta sun yi mata dukan kawo wuƙa, har ta rasa haƙoranta na gaba. Aure ma bai zauna mata ba, domin kaɗan ne mazan da za su iya zama da matar da yau tana gida, gobe tana kurkuku. Duk da haka, kowane fitowa daga ɗauri komawa take yi kan dandamali.

Mulki biyu, hanya biyu

Domin a gane nauyin abin da take nema, sai an dubi yadda Turawan biyu suka tafiyar da ƙasashen Hausa. Faransa ba ta ba matanta na gida ƙuri'a ba sai a 1944. A ƙasashen da ta mallaka kuwa, daga Paris ake yanke doka, ta hau kan kowa. Dokar 23 ga Mayu 1951 ta sa uwayen ƴaƴa biyu cikin masu zaɓe, sannan dokar 23 ga Yuni 1956, wadda aka sani da sunan minista Gaston Defferre, ta buɗe ƙofa ga kowa da kowa, mace da namiji.

Ingila ta bi wata hanya dabam. Ta raba Nijeriya jihohi uku, ta bar wa kowace jiha ta tsara wa kanta wanda zai yi zaɓe. Matan Gabas da na Yamma suka samu ƙuri'a a cikin shekarun 1950. A Arewa, jam'iyyar NPC mai mulki, wadda sarakuna da yawa suke mara wa baya, ta tsaya a kan cewa lokaci bai yi ba, tana kafa hujja da al'ada da yadda ta fahimci addini. NEPU ta ce addini bai hana ba. A 1956 Gambo ta ja tawagar mata zuwa ofishin Firimiyan Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, a Kaduna, suka miƙa buƙatarsu. Aka yi zaɓen tarayya na 1959 babu macen Arewa ko ɗaya a layi. Nijeriya ta karɓi mulkin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, wata biyu bayan Nijar, Turawa suka tafi, amma ƙofar tana nan a rufe.

Cikar buri

Juyin mulkin soja na Janairu 1966 ya kawo ƙarshen jam'iyyu. Gambo ta koma ga sana'arta da hidimar jama'a, gidanta ya zama masaukin marayu da marasa lafiya da baƙin da ba su da masauki. Sai a 1976, a zamanin Janar Olusegun Obasanjo, aka yi gyaran ƙananan hukumomi, matan Arewa suka jefa ƙuri'a karon farko. Tana da shekara 43 a lokacin. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da wannan haƙƙi a dukan zaɓuɓɓuka, ita kuma ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim.

Allah ya yi mata rasuwa a Zariya a watan Oktoba na 2001, tana da shekara 68. Ba ta bar dukiya ba. An sa sunanta ga babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya, da wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano.

Abin da tarihinta ya bari

Ƙuri'ar da ta zo wa matan Kurfai a takarda daga Paris, ita ce wadda wata ƴar'uwarsu ta biya da haƙoranta da shekarun ƙuruciyarta. Amma samun ƙuri'a da wuri bai sa matan Nijar sun samu kujera da wuri ba. Sai a 1989 mata suka fara shiga majalisar dokokin Nijar. Ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka fito titunan Yamai suna neman a ƙara musu wakilai a kwamitin shirya taron ƙasa, aka kuma mayar da ranar ta zama ranar matan Nijar. A shekarar 2000 aka kafa dokar da ta ware musu kaso a muƙaman zaɓe da na naɗi. Wato abin da Gambo ta koyo a Abekuta ya tabbata a Yamai bayan shekara 40: haƙƙi yana iya zuwa a rubuce, amma ba ya tsayawa da ƙafafunsa sai masu shi sun tashi sun riƙe shi.

Allah ya jiƙan Hajiya Gambo Sawaba, ya gafarta mata kurakuranta, ya sa Aljanna ce makomarta, amin.