Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Mai Takobi da Alƙalami

A hutun da ya wuce na shiga wani ɗan ɗakin karatu, ina neman salsalar gidanmu na Dinawa. Ban samu sunan kakana ko ɗaya ba. Abin da na samu shi ne fassarar Infaƙul Maisuri ta Hausa, bangonta duk ya yage, na zauna da ita har la'asar. Malamanmu na tarihi su gafarce ni, sai a ranar na san mutumin da muka haddace shekarunsa don cin jarrabawa.

An haifi Muhammadu Bello a 1781, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Ya yi karatu wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahi, ya kuma riƙe tuta a yaƙoƙin jihadi tun yana saurayi. Shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809, kuma da Shehu ya rasu a 1817 aka yi masa mubaya'a.

To, amma ni abin da ya fi kama ni shi ne littafin nan da ya gama a 1812, ƙurar yaƙi ba ta gama kwantawa ba. Bai fara da nasarorinsu ba. Sai da ya bi ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, Barno da Ahir da ƙasar Hausa har Sanwai, yana faɗin asalin mutanensu da malaman da suka yi zamani a cikinsu. Sa'an nan ya kawo wasiƙun Shehu Laminu na Barno, wanda ya soki jihadin da kakkausar murya, ya ajiye su tare da amsoshinsa. Sarakuna nawa ne za su adana hujjar abokin gabarsu domin jikoki su karanta? Da Baturen nan Kilafatan ya zo Sakkwato a 1824, ya koma Ingila da wani yanki na littafin da taswirar ƙasar, aka buga su a can a 1826.

A ƙarshen rayuwarsa ya fi zama a Wurno, ribaɗin da ya gina don tsare iyaka daga Gobirawa. Ya ci yaƙin Gawakuke a 1836, ya rasu a Wurno a 1837, kabarinsa na nan ana ziyarta. Allah ya jiƙansa. Ɗansa Abubakar Atiku na Raba ya yi sarautar Musulmi daga 1873 zuwa 1877, shi ne kakan Sardauna Ahmadu Bello.

Salsalar gidan sarauta ke nan, a rubuce take. Tamu ta talakawa tana bakin tsofaffi, ga shi kuwa suna ta tafiya. Na sayi littafin rubutu, ranar Asabar in Allah ya yarda zan tafi Dinawa wurin gwaggona, wadda ita kaɗai ta rage a cikinsu.