MARIGAYI ALHAJI ABUBAKAR IMAM DA ASALIN AKU MAI LABARI

Gabatarwa

Ni mutumin Azare ne, ta ƙasar Katagum a Jihar Bauchi. Duk lokacin da aka ba mu hutu, muna da wata majalisa a gindin dalbejiya kusa da teburin mai shayi, inda muke haɗuwa bayan sallar la'asar. Wasu majalisun gardamar ƙwallon ƙafa suke yi, mu kuwa tamu ba ta wuce littafin Magana Jari Ce. Muna da juzu'ansa uku da muke karɓa-karɓa, duk bangonsu ya yage. Wani yana bayan Waziri Aku, wani ya dage cewa an zalunci Haziƙ a gasar da suka yi. Idan aka gaji da wannan sai a koma Ruwan Bagaja, a yi ta ja-in-ja a kan wanda ya fi wayo tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe.

Wata rana wani abokina ya tambayi inda akun nan ya zauna kafin Balarabe ya kawo shi sayarwa, da kuma wanda ya koya masa labarai. Kowa ya kawo tasa. Ana cikin haka sai wani ya ce mu daina wahalar da kanmu, domin ya ji cewa marubucin kwafo labaran ya yi daga littattafan Larabawa da Turawa. Maganar nan ta sosa mini rai ƙwarai. Wani dattijo, tsohon malamin firamare da muke kira Baba Malam, shi ya raba gardamar, ya shawarce mu da mu fara sanin mai littafin kafin mu yanke masa hukunci. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yake cikin Jihar Neja a yau. Kakanninsa malamai ne da suka fito daga ƙasar Barno. Wannan ya faranta mini rai, tun da mu mutanen Katagum maƙwabtan Barno ne tun fil azal. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, don haka a gida ya fara karatun Alƙur'ani da na Larabci. Daga baya ya koma Katsina, inda ya shiga makarantar boko, har ya kai ga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927. Ya kammala a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.

Mai karatu ya lura da wannan. Yaron da ya tashi a zauren alƙali ya ji shari'a iri-iri, ya ga yadda mai gaskiya da maƙaryaci suke sarrafa harshe. Ga Larabci a hannun dama, ga Turanci a hannun hagu, ga kuma Hausar Katsina a baki.

Shigarsa Fagen Rubutu

A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Imam yana da shekara 22 kacal ya aika da Ruwan Bagaja. Littafin ya shiga cikin biyar ɗin da aka buga, tare da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin jiharmu, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ka ga gida ɗaya ya fitar da littafi biyu cikin biyar.

Ganin basirarsa ya sa East ya nemi a ba shi aronsa. A 1936 Imam ya je Zariya ya yi kimanin wata shida, kuma a wannan ɗan zama ne ya rubuta Magana Jari Ce, aka buga juzu'ansa tsakanin 1937 da 1939.

Daga Ina Aku Ya Fito?

A nan ne na sami amsar tambayar majalisarmu. Gaskiya ne, an tara wa Imam littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, ya karanta, ya zaɓa. Manazarta irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi sun bi diddigin labaran, sun gano tushen wasu a Alfu Laila wa Laila, wasu a tatsuniyoyin Jamusawa da 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka tattara. Shi kansa akun, asalinsa ƙasar Indiya ne. Akwai wani tsohon littafi a harshen Sanskirit mai ɗauke da labarai 70 na wani aku, wanda aka sake rubutawa da Farisanci a ƙarni na 14 da sunan Tutinama. A can, wani attajiri ne ya yi tafiya ya bar matarsa da aku. Kullum dare idan ta yi shirin fita wajen wani namiji, sai akun ya ɗauke mata hankali da labari har gari ya waye.

To, dubi abin da Imam ya yi da shi. Ya san littafin yara 'yan makaranta za su karanta, kuma ya san abin da kunnen Bahaushe zai ɗauka. Sai ya cire matar aure, ya sa ɗan sarki Musa a madadinta. Ya cire kwartanci, ya sa yaƙi. Sarki Abdurrahman ya fita fagen daga da Sarkin Sinari tare da Mahmudu, shi kuwa Waziri mai kwaɗayin sarauta yana ƙulla yadda Musa zai fito daga gida ya faɗa hannun abokan gaba. Aikin aku ya zama ceton magajin gari da ma ƙasar baki ɗaya. Da ya yi nasara sai aka naɗa shi Waziri. A juzu'i na biyu ya kare martabarsa a gasa da Haziƙ, a na uku kuma ya zauna yana tarbiyyar ɗansa Fasih. Wannan gini na hawa uku, daga bara zuwa waziri zuwa uba mai koyarwa, aikin Imam ne.

Haka ya yi wa sauran labaran. Ya sa musu fada da dogarai, da kasuwa da mahauta, da alƙali da muhuti, da karin magana a inda ta dace. Shi ya sa Kalala da Kalalatu suka zama kamar maƙwabtanmu, alhali tushen labarinsu a Jamus yake. Auduga ce aka kawo daga nesa, amma kaɗi da saƙa da ɗinki duk a gida aka yi su. Wanda ya ce masaƙi bai yi aiki ba don ba shi ya noma audugar ba, ai bai yi adalci ba.

Aikin Jarida da Hidimar Jama'a

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya zama editanta na Hausa, ya riƙe ta har zuwa 1951. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ciki har da Dokta Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da Lugga, tsohon Gwamnan Nijeriya, ya bayyana masa damuwar mutanen Arewa game da yadda ake tafiyar da mulki. Labarin wannan tafiya ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Bayan ya bar jarida ya shiga majalisa, daga bisani ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata, sannan ya riƙe ofishin sauraren koke-koken jama'a a Jihar Kaduna. Jami'ar Ibadan ta karrama shi da digirin girmamawa na Dokta a 1968.

A nawa ganin, a nan ne rayuwar marubucin ta yi kama da ta tauraronsa. Aku ba shi da takobi, ba shi da dukiya, ba ɗan sarauta ba ne. Bakinsa ne ya kai shi gaban sarki. Shi ma Imam alƙalaminsa ne ya ɗauke shi daga aji ya kai shi inda sarakuna da gwamnoni suke sauraren shawararsa. Sunan littafin nasa ya tabbata a kansa.

Rasuwarsa

Allah Ya yi wa Alhaji Abubakar Imam rasuwa a Zariya ranar 19 ga watan Yuni, 1981, yana da shekara 70. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari a rubuce, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tace.

Kammalawa

Da na koma Azare a hutun da ya biyo baya, na kai wa majalisarmu abin da na samo. Abokina mai zargin kwafe bai sauka daga ra'ayinsa gaba ɗaya ba, amma ya yarda cewa a cikin akun Indiya da na Imam, ɗaya ne kawai zai zauna a gindin dalbejiyarmu a fahimce shi. Baba Malam kuwa murmushi ya yi, ya ce a ƙaro masa shayi.

Kirana ga 'yan'uwana ɗaliban Hausa shi ne, kada mu tsaya ga jin daɗin labari kaɗai, kuma kada mu ji tsoron bin salsalarsa. Masu sha'awar rubutu a cikinmu su karanta na kowace al'umma, amma idan sun zo rubutawa su tabbata mutumin Gadau ko na Shira zai ga kansa a ciki. Allah Ya jiƙan Malam Abubakar Imam, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.