Audu Bako: Ɗan sandan da ya haɗa noma da yawon buɗe ido a Kano

A kwarin Douro na ƙasar Portugal, gonakin inabi da rumbunan ajiye ruwansa ne ke jawo baƙi daga sassan duniya, har hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi a 2001. Giyar da suke yi haramun ce ga Musulmi, amma dabarar mai da gona wurin ziyara ba baƙuwa ba ce a Kano. Audu Bako ya gwada ta fiye da shekara hamsin da suka wuce.

An haife shi a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, ya shiga aikin ɗan sanda a 1942, ya kai muƙamin kwamishina. Da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a watan Mayun 1967, sai ya naɗa shi gwamnan Kano na farko, lokacin da jihar ta haɗa da Jigawa ta yau.

Ya tarar da ƙasa mai cunkoson manoma, irin wadda matafiyi ke gani a Rimin Gado kan hanyar Gwarzo: gona na manne da gona, amma aiki na tsayawa da ɗaukewar damina. Maganin da ya nema shi ne tare ruwa. Ya gina madatsar Bagauda, sannan ta Tiga wadda aka kammala a 1974, daidai lokacin da fari ya addabi yankin Sahel. Ruwan Tiga ne ke shayar da shinkafa da tumatirin Kura da Kadawa har yanzu.

Bai tsaya kan amfanin gona kaɗai ba. Ya kafa otel a bakin tafkin Bagauda, ya buɗe gidan namun daji da ke ɗauke da sunansa, don baƙo ya zo ya kashe kuɗinsa a jihar.

Aikin bai rasa tabo ba. Tiga ta tashi ƙauyuka, ta kuma rage ambaliyar da masunta da manoman fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita. Bayan juyin mulkin Yulin 1975, gwamnatin Murtala Muhammad ta binciki dukiyar gwamnonin Gowon, ta wanke biyu kawai, kuma Bako ba ya cikinsu. Ya koma noma har rasuwarsa a 1980.

Yau harabar otel ɗin Bagauda ta zama reshen makarantar horar da lauyoyi, manomin Rimin Gado kuwa mafi yawan aikinsa na jiran hadari ne. Kafin matasa su saurari alkawarin ɗan takara kan noman rani, ya kamata su fara tambayarsa abin da aka yi da wanda aka gada.